Yadda masana ke tsarawa da rarraba ƙananan manhajojin nazarin hotunan kimiyya

A ɗakunan binciken kimiyya na wannan zamani, kwamfuta ce ke ƙirga akasarin abin da madubin likita ya hango. Sai dai 'yan ƙananan manhajojin da ke yin wannan ƙirga, sau da yawa ɗalibai da masu bincike ne ke rubuta su da kansu, kuma yadda suke yawo daga hannu zuwa hannu yana iya shafar ingancin sakamakon bincike baki ɗaya.

A ɗauka cewa wata ɗaliba mai neman digirin digirgir ta ɗauki hotunan jini har dubu uku da madubin likita, wato maikuroskof, tana son sanin yawan jajayen ƙwayoyin jinin da ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro ta shiga. Idan da ido za ta ƙirga, aikin watanni ne, kuma ƙirgar safiya ba za ta zo daidai da ta yamma ba, lokacin da ido ya gaji. Saboda haka sai ta rubuta wa kwamfuta umarni na layi hamsin ko sittin: buɗe hoto, raba haske da duhu, kewaye kowace ƙwaya, ƙirga, rubuta adadi, wuce na gaba.

Umarnin ya yi aiki. Abokin karatunta ya roƙa, ta tura masa ta imel. Shi kuma ya canza lamba ɗaya domin hotunansa sun fi duhu, sannan ya ba wani a filashi. Bayan shekara biyu akwai kwafi bakwai masu suna ɗaya, babu biyu da suka yi daidai da juna, kuma ita kanta mai shi ba ta tuna wanne ta yi amfani da shi a babi na huɗu na kundinta.

Wannan ita ce matsalar da masu nazarin hotunan kimiyya suka daɗe suna fama da ita. Rubuta umarnin shi ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen ba shi suna da mazauni, da haɗa shi da abubuwan da yake buƙata, da isar da shi ga jama'a ta yadda kowa zai san ainihin wanda ke hannunsa.

Manhajar da ta bar ƙofa a buɗe

Babu inda wannan labari ya fi fitowa fili kamar a tarihin manhajar ImageJ. Wani ma'aikacin Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka, NIH, mai suna Wayne Rasband, shi ne ya fitar da wata manhaja mai suna NIH Image a shekarar 1987, domin kwamfutocin Macintosh. A 1997 ya sake gina ta da harshen kwamfuta na Java, ya kira ta ImageJ, ta yadda za ta yi aiki a kan kowace irin kwamfuta.

Da yake ma'aikacin gwamnatin tarayyar Amurka ne ya rubuta ta a bakin aikinsa, manhajar ta zama mallakar jama'a, babu mai haƙƙin mallaka a kanta, kuma ba a biyan ko kwabo. Amma ba kyautar kaɗai ce ta ɗaukaka ta ba. Rasband ya bar uwar manhajar 'yar ƙarama, sannan ya bar ƙofa a buɗe ga duk mai son ƙara mata wani aiki.

Ƙarin iri biyu ne. Na farko shi ne makro, wato jerin umarni cikin wani sauƙaƙan harshe na ImageJ. Akwai ma wata na'urar naɗa a cikin manhajar, wadda ke rubuta duk abin da mutum ya latsa ta mayar da shi umarni, don haka likitan da bai taɓa koyon ilimin kwamfuta ba yana iya samun makro a yini ɗaya. Na biyu shi ne manhajar ƙari, wadda masana ke kira fulogin, ana rubuta ta da Java, kuma tana iya yin aiki mai zurfi, kamar bin sawun ƙwayoyin halitta a hoton bidiyo ko auna kaurin ƙashi.

Tsarin da aka fara da shi mai sauƙi ne ƙwarai. A cikin ImageJ akwai wata jaka mai suna plugins. Duk fayil ɗin da aka jefa ciki, matuƙar akwai ɗan layin ƙasa, wato alamar _, a cikin sunansa, zai bayyana a jerin zaɓin manhajar da zarar an sake kunna ta. Idan aka buɗe ƙaramar jaka a ciki, sunanta zai zama reshe a jerin zaɓin. Wanda bai sa ɗan layin ba kuwa, zai yi ta neman aikinsa bai gani ba, kuma wannan ɗan kuskure ya wahalar da sababbin shiga ba adadi.

Idan manhajar ƙarin ta ƙunshi fayiloli da yawa, akan ɗaure su a ƙunshi ɗaya da ake kira jar, a sa masa wata 'yar takarda mai suna plugins.config wadda ke gaya wa ImageJ sunan kowane aiki da inda za a ajiye shi a jerin zaɓi. Rarrabawa kuwa, mai aikin zai ɗora a shafinsa na intanet, ko ya aika wa Rasband ya sa a jerin da ke shafin ImageJ, inda ɗaruruwa suka taru a tsawon shekaru.

Inda tsarin ya fara gazawa

Wannan tsari ya wadatar muddin kowace manhajar ƙari tana tsaye da ƙafarta. To amma da aiki ya girma, sai masu rubutu suka fara jingina da aikin wasu, kamar yadda ya kamata. Wanda ke son yin lissafi mai wuya ba zai sake ƙirƙiro shi ba, zai ɗauko taskar umarnin da wani ya riga ya rubuta. Wanda ke son buɗe hoton da wata na'ura ta ɗauka zai nemi Bio-Formats, wata taska da ke karanta nau'o'in fayil sama da 150, domin kusan kowane kamfanin ƙera madubin likita yana da irin nasa fayil ɗin.

A nan ne rikici ke tasowa. Ita ma manhaja tana da bugu na farko da na biyu da na uku, tamkar littafi. Idan manhajar ƙari ta farko tana buƙatar bugu na biyu na wata taska, ta biyu kuma tana buƙatar bugu na uku, aka zuba duka a jaka ɗaya, to Java ɗaya kawai za ta ɗauka, kuma mai kwamfutar ba shi da tabbacin wanne. In an yi sa'a, manhajar za ta tsaya ta nuna saƙon kuskure. In ba a yi sa'a ba, za ta ci gaba da aiki ta ba da lambobi, kuma babu abin da zai nuna cewa wani abu ya canza.

Na biyun nan shi ne abin tsoro. Daga watan Disamban 2006, wani ɗakin bincike a Cibiyar Scripps da ke jihar Kalifoniya ya janye maƙaloli biyar, uku daga cikinsu a mujallar Science, game da siffar wasu sunadaran jikin ƙwayar halitta. Dalili shi ne wata 'yar manhajar gida, da aka ce an gaje ta daga wani ɗakin binciken, ta musanya layuka biyu na bayanai. Ba a gano ba sai da wasu masana a Switzerland suka buga siffar wani sunadari mai kama da shi, aka ga ba su yi daidai ba. Wannan ba ImageJ ba ce, fannin ma daban ne, amma cutar ɗaya ce: umarni ya bi hannu da hannu, babu wanda ya san asalinsa ballantana ya duba shi.

Fiji da rumbunan sabuntawa

Wajejen 2007 ne wasu masana a Turai suka fara neman mafita. Albert Cardona ya rubuta wata babbar manhajar ƙari mai suna TrakEM2 domin haɗa dubban hotunan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma girka ta kaɗai yana buƙatar tattaro abubuwa da yawa. Johannes Schindelin, wanda ya yi aiki a Cibiyar Max Planck da ke Dresden a Jamus, ya jagoranci haɗa ImageJ da zaɓaɓɓun manhajojin ƙari da duk taskokin da suke buƙata, har da ita kanta Java, a ƙunshi ɗaya. Suka kira shi Fiji. Sunan ba shi da alaƙa da tsibirin nan na tekun Pasifik, taƙaita wata jimlar Turanci ce mai nufin cewa Fiji dai ImageJ ce ba wani abu ba. An gabatar da ita a mujallar Nature Methods a 2012.

Fiji ta gyara zaman jakunkuna. Manhajojin ƙari suna jakar plugins, taskokin da ake jingina da su suna jakar jars, gajerun rubutun umarni kuma suna jakar scripts, inda sunan ƙaramar jakar da aka sa su ke nuna wurin da za su fito a jerin zaɓi. Ta kuma ba da damar rubuta umarni da wasu harsuna, irin su Groovy da Jython da JavaScript.

Amma babban abin da ta kawo shi ne na'urar sabuntawa. Kowane fayil da ke cikin Fiji ana lissafa masa wata lambar tantancewa daga abin da ya ƙunsa, mai kama da zanen yatsa: harafi ɗaya ya canza, lambar ta canza. A can rumbun da ke intanet akwai wani kundi mai suna db.xml.gz, wanda ke ɗauke da sunan kowane fayil, da lambarsa, da lambobin bugunsa na baya, da jerin abubuwan da ya dogara da su. Idan mutum ya nemi sabuntawa, na'urar za ta kwatanta abin da ke kwamfutarsa da abin da ke kundin, ta gaya masa wanne ya tsufa, wanne ya ɓace, wanne kuma wani ya taɓa shi da hannu.

Daga baya aka buɗe wannan hanya ga kowa. Duk mai manhajar ƙari yana iya buɗe nasa rumbun, ko dai a babbar kwamfutar jami'arsa, ko kuma a sites.imagej.net inda ake ba da wuri kyauta. Mai amfani kuwa sai ya buɗe jerin rumbuna, ya sa alama a kan wanda yake so, na'urar ta sauke manhajar tare da duk abin da take buƙata. Rumbunan da ke cikin jerin sun haura ɗari. Ta nan ake samun MorphoLibJ ta masana a Faransa, da BoneJ ta nazarin ƙashi, da StarDist da ke gane tsakiyar ƙwayoyin halitta ta hanyar ƙirƙirarriyar basira.

Da ɗalibar nan ta bi wannan hanya, da kwafi bakwai ba su samu ba. In ta gyara kuskure sau ɗaya, duk wanda ya sa alama a rumbunta zai sami gyaran.

A ɓangaren masu rubuta manhajar kuma, aikin ImageJ2 da aka fara a 2010 a Jami'ar Wisconsin da ke Madison, ƙarƙashin Kevin Eliceiri da Curtis Rueden, ya kawo nasa tsarin. Ana amfani da wata na'urar gini mai suna Maven, kuma akwai wani babban jadawali, pom-scijava, da ke ƙayyade bugun kowace taska da aka gwada cewa suna zama lafiya da juna. Mai rubutu in ya ɗora aikinsa kan jadawalin, ya huta da zaɓen bugu ɗaya bayan ɗaya.

Sabuntawa ma tana da nata illar

Sai dai kuma ba a rabu da Bukar ba. Da farko dai, babu wata hukuma da ke tantance abin da kowa ya ɗora a rumbunsa layi bayan layi. Manhajar ƙari cikakkiyar manhaja ce, tana iya karanta fayilolin da ke kwamfuta ko ta goge su, don haka sa alama a kan rumbu amana ce aka ba mai shi. Na biyu, rumbuna biyu suna iya ɗauke da taska ɗaya mai bugu daban-daban, ɗaya ya danne ɗaya, tsohuwar matsalar ta dawo ta bayan gida. Shi ya sa masu ƙwarewa ba sa kunna rumbuna barkatai, wasu ma sukan ajiye Fiji daban domin kowane aiki.

Na uku ya fi su nauyi. Sabuntawar da ke gyara kuskure ita ce kuma ke iya canza sakamako. Mai bincike ya auna rabin hotunansa a watan Maris, ya sabunta a Afrilu, ya auna sauran a Mayu. Idan a tsakani an sauya yadda wata manhajar ƙari ke shata iyakar ƙwaya, ko da ɗigo ɗaya ne, to bambancin da zai gani tsakanin rukunin farko da na biyu yana iya zama na manhaja ne, ba na magani ba. Shi kuwa zai rubuta cewa magani ya yi aiki.

Ba a ce kada a sabunta ba. A 2015 an gyara wani kuskure da ya shekara 15 a wani sashe na AFNI, manhajar nazarin hotunan ƙwaƙwalwa, bayan da wasu masana daga Sweden da Birtaniya suka gano shi, suka kuma ambace shi a maƙalarsu ta 2016. An yi ta muhawara kan girman ɓarnar da ya yi, amma abin lura shi ne an iya gano shi ne saboda umarnin a buɗe yake, kuma an san bugun da aka gyara shi. Wanda ya ƙi sabuntawa har abada, ya zauna da kuskurensa ke nan.

Hanyar da akasarin masana suka runguma ita ce raba lokaci. A sabunta kafin a fara aiki, a gwada, sannan a daskarar da komai har a gama. Fiji ta sauƙaƙa wannan domin duk abin da take buƙata yana cikin jaka ɗaya, ana iya kwafe ta ɗungurungum a ajiye tare da hotunan. Su ma masu Fiji sun yi haka: sun adana wasu daskararrun bugu domin masu tsofaffin manhajojin ƙari, musamman lokacin da aka ƙaura daga Java 6 zuwa Java 8 a tsakanin 2015 da 2016, ƙaurar da ta karya ayyuka da dama da masu su suka daina kula da su. A rumbunan ma ba a share tsofaffin fayiloli, ana ajiye kowanne da ranar da aka ɗora shi a ƙarshen sunansa.

Asali da lasisi

Almajiran ilimi sun san cewa ba a karɓar ruwaya sai an san daga wa aka ji, shi kuma daga wa ya ji. Sun kuma san yadda kuskuren mai kwafar littafi ɗaya ke bin duk kwafin da aka ɗauka daga nasa. Abin da masu manhaja ke nema bai yi nisa da wannan ba, kuma kayan aikinsu shi ne Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005. Git yana rubuta kowane canji: wa ya yi, yaushe, wane layi, kuma saboda me. Da yawa daga cikin manhajojin ƙarin ImageJ suna zaune ne a GitHub, dandalin da aka gina kan Git, wanda kamfanin Microsoft ya saya a 2018. Shi Schindelin ɗin da ya kafa Fiji ma, an san shi a wata duniyar a matsayin mai kula da Git na kwamfutocin Windows.

Rumbun sabuntawa yana raba abin da aka riga aka gina, Git kuwa yana adana asalin rubutun da tarihinsa. Mai aiki na gari yana buƙatar duka biyun. Yana kuma buƙatar ba kowane bugu lamba, da 'yar takardar bayani, da hoton gwaji guda ɗaya tare da amsar da ya kamata a samu, domin wanda ya sauke ya tabbatar cewa tasa kwamfutar ta ba da amsa iri ɗaya. A ganina wannan hoton gwajin ya fi dogon bayani amfani, kuma shi aka fi mantawa da shi.

Idan lokacin buga maƙala ya yi, akwai Zenodo, ma'ajiyar da cibiyar CERN da ke Janiba ta buɗe a 2013. Takan karɓi bugu guda ta ba shi lambar shaida ta dindindin, irin wadda ake ba maƙalolin kimiyya. Da wannan lambar mai karatu zai iya ɗauko ainihin umarnin da aka yi aiki da shi, ko da mai shi ya canza shi sau ɗari daga baya. Rubuta "an yi amfani da ImageJ" kawai a maƙala, kamar yadda ake yawan gani, daidai yake da a ce an yi amfani da madubi.

Sai batun lasisi, wanda masana kimiyya kan raina. A dokar haƙƙin mallaka ta yawancin ƙasashe, rubutun da aka ɗora a intanet ba tare da lasisi ba, mai shi bai ba kowa izinin gyarawa ko rarrabawa ba, ko da niyyarsa kyauta ce. ImageJ ta asali mallakar jama'a ce. ImageJ2 tana da lasisin BSD, mai sassauci. Fiji kuwa tana ƙarƙashin GPL, wanda ya shardanta cewa duk wanda ya gina a kai ya kuma rarraba, to ya buɗe nasa rubutun shi ma. Wanda ya jingina da taska mai GPL, zaɓinsa ya ragu tun kafin ya fara.

Sauran manhajoji sun bi hanyoyi daban-daban. Icy ta Cibiyar Pasteur da ke Paris ta zaɓi rumbu ɗaya na tsakiya. QuPath, wadda Pete Bankhead ya fara a Jami'ar Queen's da ke Belfast domin hotunan tsokar da ake bincikar cutar daji, tana karɓar ƙunshin jar da rubutun Groovy. Ita kuwa napari, da aka gina da harshen Python, tana raba nata ƙarin ta ma'ajiyar Python ta gama-gari, tare da duk sauƙi da rikicin da ke tattare da hakan.

Duk waɗannan tsare-tsare an gina su ne bisa zaton cewa akwai intanet mai ƙarfi da wutar da ba ta ɗaukewa. A jami'o'in da ba haka abin yake ba, ciki har da da yawa a Najeriya da Nijar, Fiji mai nauyin ɗaruruwan megabayit takan bi filashi ne daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Wannan ba laifi ba ne, hasali ma yana iya zama alheri, in dai mutum ɗaya a sashen ya ɗauki nauyin haɗa kwafi guda, ya rubuta ranar da aka haɗa shi da rumbunan da aka kunna, kowa ya ɗauka daga nan. Ta haka ɗaliban sashen duka suna aiki da ma'auni ɗaya.

Abin da har yanzu ba a warware ba shi ne wanda zai ci gaba da kula da manhajar ƙari bayan mai ita ya tashi. Da yawansu ɗalibai ne suka rubuta su, kuma da zarar an karɓi digiri an sami aiki a wani wuri, saƙonnin masu korafi sai su taru babu mai amsawa. Masu ba da tallafin bincike sun fi son sabon abu a kan gyaran tsoho, duk da cewa a shekarun baya-bayan nan wasu gidauniyoyi, irin su Chan Zuckerberg Initiative, sun ware kuɗi musamman domin kula da irin waɗannan manhajoji. Shi kansa Rasband ya yi ritaya daga NIH a 2010, amma ya ci gaba da gyara ImageJ da fitar da sababbin bugu shekaru da dama bayan haka, a matsayin ɗan sa-kai.